Ba kowane katun ne na yara ba

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a tamu: da zarar an ga fim na zane ne, sai a ce ai katun ne, a miƙa wa yaro waya a juya baya.

Kada a yi mini gurguwar fahimta, ni ma mayen waɗannan finafinan ne. Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a Japan a 2001, kamar mafarkin mai zazzaɓi yake: iyayen yarinya sun zauna cin abincin da ba nasu ba, kafin ta dawo sun rikiɗe sun zama aladu. Ya burge ni ƙwarai.

Amma Grave of the Fireflies na Isao Takahata, na 1988, babba ma sai ya daure. Yaro ne da ƙanwarsa a Kobe a 1945, bayan ruwan bama-baman Amurka ya hallaka mahaifiyarsu. A kan idonka yunwa take cinye yarinyar, ƙuraje sun feso mata a baya, har ta kai tana dunƙula laka tana miƙa wa yayanta wai shinkafa ce. Wannan ne za a bar wa ɗan shekara 5 shi kaɗai da daddare?

Ga kuma Coraline na 2009, inda uwar bogi mai idanun maɓalli take neman ɗinka wa yarinya irinsu.

Roƙona ga masu tura finafinai a waya, don Allah su daina haɗa irin waɗannan wuri guda da Tom and Jerry.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya