Hoton Baƙin Rami: Ba Kowace Shakka Ce Wayo Ba

A makon jiya wani ɗan'uwa ya ɗora hoton baƙin ramin nan na sararin samaniya a wannan zaure, sai ga sharhi kamar ruwan sama: "Ƙarya ce, haɗin kwamfuta ne." Wani ma cewa ya yi fanke aka ɗauka da tsohuwar waya. Abin da ya dame mu shi ne, masu faɗin hakan 'yan boko ne, wasunsu ma marubuta.

Hujjarsu ita ce: abin da ko haske ba ya kuɓuce masa, ta yaya za a ɗauki hotonsa? Tambaya ce mai kyau, sai dai ba su tsaya jin amsa ba. Masanan ba su ce sun ga ramin kansa ba, inuwarsa suka gani. Iskar gas mai tsananin zafi da ke kewaya shi tana fitar da haske. Ƙarfin jan ramin yakan lanƙwasa hasken ya zama zobe, wanda ya faɗa ciki kuma ya bar duhu a tsakiya.

Ramin yana tsakiyar gungun taurarin M87, inda haske ke shafe kimanin shekara miliyan 55 kafin ya iso mu, kuma nauyinsa ya ninka na rana sau biliyan 6.5. Babu na'ura ɗaya da za ta iya hango shi. Saboda haka a Afrilun 2017 aka haɗa na'urorin hangen nesa na rediyo guda 8, a Chile, Meksiko, Sifaniya, Hawaii, Arizona da Antaktika, suka kalli wuri guda a lokaci guda, suka zama tamkar ido ɗaya mai faɗin duniya. Bayanan sun fi ƙarfin turawa ta intanet, sai a jirgin sama aka kwashi faya-fayan ajiya zuwa Amurka da Jamus. Rukuni huɗu na masana suka haɗa hoton, babu wanda ya leƙa aikin wani, kuma duk zobe suka samu. Sai ranar 10 ga Afrilu, 2019 aka nuna wa duniya. A 2022 suka sake fitar da na ramin da ke tsakiyar namu gungun taurarin.

Gaskiya ne kwamfuta ce ta haɗa shi, kuma launin wutar nan ƙari ne, tunda ido ba ya ganin igiyar rediyo. Su da bakinsu suka faɗa. To, hoton da ake yi wa mai juna biyu a asibiti fa? Shi ma kwamfuta ke haɗa shi daga amon sauti, amma ba mu taɓa jin an ce jaririn ƙarya ne ba.

Ba mu hana kowa shakka ba, ai da ita kimiyya take tafiya. Amma mai shakka na gaskiya karatu yake yi ya nemo kuskure. Marubucin da ya saba cewa "ƙarya ce" kafin ya bincika, gobe wannan lalacin zai koya wa masu karanta shi. Duk wanda ya gano inda masanan suka yi kure, ga fili nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa mu tattauna.