Idan Gani Ya Kori Ji: Rubutun Ƙasan Fim da Hausar Zangon Accra

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra, wannan karin magana kan tabbata a gaban talabijin. Matashin da ya tashi da Hausa a bakinsa zai zauna kallon fim ɗin Kano, amma idonsa na kan fassarar Ingilishi da ke ƙasan allo, kunnensa kuwa ya tafi hutu.

Abin yana da dalili. Hausar Zango ta bambanta da ta Kano: sau da yawa ba ta rarrabe jinsi, har a ce "ya zo" ko da mace ake nufi, kuma ta yi aro daga Ingilishi da harsunan Gana. Ga shi da Ingilishi yaron ya koyi karatun boko, domin Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnatin ƙasar. Shi kuwa idon da ya iya karatu ba ya neman izini, da ya ga baƙi sai ya karanta.

Hasarar da ke ciki ba ƙarama ba ce. Kalmar "sannu" kan zama maraba, ko jaje, ko yabon mai aiki, wani lokaci ma gatse. Fassarar da za ta ɓace cikin ɗan lokaci ba ta da wurin wannan bambanci. Haka nan "ranka ya daɗe" da sauran kalaman ladabi, da karin magana da habaici, su ne na farko da mai fassara ke zubarwa. Mai bin rubutun ya samu labari, amma harshen ya wuce shi.

Ba a ce a kawar da fassara ba, domin da ita maƙwabci Bayarabe ko ɗan ƙabilar Ga ke shiga cikin kallon. Abin da ya kamata shi ne a juya wannan ɗabi'a ta ido ta yi wa Hausa aiki. A Indiya, Brij Kothari ya jagoranci sa wa waƙoƙin fim rubutu cikin harshen da ake rera su a talabijin ta Doordarshan, domin ƙarfafa karatu. Da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, za su ba da zaɓin rubutun Hausa, da ɗan Nima ya riƙa ganin ɓ da ɗ da ƙ a daidai lokacin da yake jin su.

Kafin a kai ga haka, ɗalibi na da mafita. Ya fara kallon fitowa ɗaya da rubutun a rufe, ya faɗi abin da ya fahimta, sannan ya maimaita da rubutun. Ya kuma tuna cewa boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: "gari" na zama da "gari" na tuwo ɗaya suke a takarda, kunne ne kaɗai ke raba su.