Likitan da Babu Mai Duba Aikinsa

A Janairun 2000 wata kotu a Ingila ta samu Harold Shipman, likitan iyali a garin Hyde, da laifin kashe majinyata 15 da allurar diamorphine. Binciken da ya biyo baya ya gano aƙalla mutum 215. Mutanen gari sun yarda da shi ƙwarai, kuma a shekarunsa na ƙarshe shi kaɗai yake aiki, shi ke rubuta takardar mutuwa, babu mai ƙirga mamatan. Tun 2012 ake sake tantance likitocin Birtaniya duk shekara biyar. Wasunsu na kukan yawan takardu, kuma kukan yana da hujja. Duk da haka na fi son likitan da ke duba mahaifiyata ya san cewa wani zai buɗe fayil ɗinta bayansa.