Gayyar Manhaja: Wa Zai Dama Furar?

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili in tayar da wata magana wadda a kallon farko za a ce ta masu karatun kwamfuta ce, ba tamu ba. Maganar kuwa ita ce ta buɗaɗɗiyar manhaja, da yadda za a samar wa masu yi mata hidima abokan tafiya da kuɗin gudanarwa a nan garin Bauchi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kafin mu miƙa ƙoƙon bara zuwa ƙasashen waje, wajibi ne mu fara haɗa kai da maƙwabtanmu na cikin gida, mu kafa ɗan asusunmu komai ƙanƙantarsa, domin kuwa da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Bari in fara da bayyana abin da nake nufi. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki. Akwai wadda kamfani ke rubutawa ya kulle asirinta, sai dai ka saya ka yi amfani da ita yadda aka ba ka. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda aka bar rubutunta a fili, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan tafiya a Amurka a 1983, sa'annan a 1991 wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fito da Linux, wadda a kanta aka gina Android ɗin da ke cikin aljihun yawancinmu. In za a fassara tsarin da Hausar gida, gayya ce. Kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan gayya? Ruwanmu da tsaki. Haruffan nan masu lanƙwasa da muke rubuta "ɓarawo" da "ɗaki" da "ƙasa" da su, cikin waɗanda suka sauƙaƙa mana buga su har da cibiyar SIL, wadda ta saki nau'o'in rubutu irin su Charis da Doulos kyauta, ta kuma buɗe manhajar Keyman ta tsara allon bugu. Ita ce kuma ta fitar da Alkalami, nau'in rubutun ajami da aka zana bisa salon hannun malaman Kano. Haka zalika manhajar Hunspell, wadda LibreOffice ke amfani da ita wajen ja wa kuskuren rubutu jan layi, ba ta san wani harshe da kanta ba. Abu biyu take bukata: jerin kalmomi, da dokokin yadda ake yi musu ɗafi. Wa zai gaya mata cewa jam'in "gida" shi ne "gidaje" amma na "jirgi" shi ne "jirage"? Wa zai zauna ya tsara mata azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya fayyace a 1960? Mai karatun kwamfuta ba a koya masa wannan ba. Mu aka koya wa.

Sai dai akwai wani ruɗi da ya kamata mu fitar daga zukatanmu, wato zaton cewa abin da aka ba da kyauta bai ci kuɗi ba. Duk wanda ya san gayya ya san mai gona ba ya biyan lada, amma sai ya dama fura, ya tuƙa tuwo, ya sallami makaɗa. In babu wannan, rana na take tsaka za ka ga mutane sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Duniya ta ga misalin haka a 2014, lokacin da aka gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita wajen tsare sirrin jama'a. Da aka bincika, sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. Sai bayan nan ne kamfanonin suka haɗa asusu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. A 2022 kuma gwamnatin Jamus ta kafa asusu na musamman don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji. In har haka ta faru a inda wuta ba ta ɗaukewa, ina ga ɗalibin da ke Yalwa ko Gwallameji, wanda sai ya zaɓa tsakanin kuɗin data da na abincin dare?

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne ga wannan darasi, tarihin adabinmu ya riga ya karantar da mu. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da littattafai biyar na farko na ƙagaggun labarai, ciki har da Shaihu Umar na ɗan ƙasar Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hukuma ce ta sa kuɗi, marubuta suka sa basira. Daga baya aka kafa hukumar NORLA, ta buga littattafai da jaridu masu yawa, amma da aljihunta ya bushe sai ta rufe a 1959, harkar ta yi sanyi. Ba ta farfaɗo sosai ba sai a 1966, da Kamfanin Gaskiya ya haɗa hannu da Macmillan aka kafa NNPC. Da wannan ma ya ja baya a shekarun 1980, marubutan Kano ba su zauna jiran kowa ba, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Abin lura a nan shi ne, aikin da ya rataya a wuyan mai bayarwa guda ɗaya yana mutuwa ranar da mai bayarwar ya juya baya, wanda kuwa yake da saiwa a cikin jama'a yana iya jure fari.

Ba ina cewa tallafin waje ba shi da amfani ba ne. Yana da shi ƙwarai. Asusun Lacuna, wanda Gidauniyar Rockefeller da Google da cibiyar IDRC ta Kanada suka assasa a 2020, shi ya ɗauki nauyin NaijaSenti a 2022, aikin da masana irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero suka jagoranta, inda aka tattara dubban gajerun saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, aka tantance wanne yabo ne, wanne suka. Shi ne kuma ya tallafa wa NaijaVoices, wanda ya naɗi muryoyi na kimanin sa'o'i 600 a kowane ɗaya daga manyan harsunan Nijeriya uku. Haka nan ƙungiyar masu rubuta Wikipedia ta Hausa tana samun tallafi daga Gidauniyar Wikimedia. Amma mu dubi su wa ake ba. Ana ba waɗanda aka tarar sun riga sun fara ne, suna da suna, da shugabanci, da aikin nunawa. Bugu da ƙari, irin wannan kuɗi na aiki ne mai wa'adi. In wa'adin ya cika an rubuta rahoto, wa zai ci gaba da gyara kurakurai da ƙara sababbin kalmomi? A tsakiyar shekarun 2000 an yi ta murnar fitowar Wazobia Linux mai magana da Hausa da Yarabanci da Ibo. Yau ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunanta?

Misalin da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Ruwanda. Mutanen can suna da al'adar aikin gayya da suke kira umuganda. Wasu matasa suka kafa kamfani suka sa masa suna Digital Umuganda, suka haɗa gwiwa da Mozilla da hukumar GIZ ta Jamus, suka shiga tattara muryoyin jama'a a rumbun Common Voice. Cikin 'yan shekaru harshen Kinyarwanda ya shiga sahun gaba a wannan rumbu, ya tsere wa harsunan Turai da dama, alhali masu magana da shi ba su kai rabin masu magana da Hausa ba. Kuɗin waje ya taimaka, amma ya tarar da mutanen gida a tsaye da tsarinsu.

Yanzu bari mu dawo gida. Bauchi ba ta rasa kayan haɗi ba. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, ga kwalejojin ilimi a Kangere da Azare. Cibiyar CITAD mai hedkwata a Kano ta daɗe tana koyar da ilimin kwamfuta a wannan jiha. Ga gidan rediyon jiha da sauran tashoshi, waɗanda kullum suke watsa Hausar bakin mutanenmu. Abin da ya rage shi ne maɗaurin da zai haɗa tsintsiyar. Mai iya rubuta manhaja yana can yana neman aikin kammala karatu, ya ƙare da kwaikwayon abin da aka yi sau ɗari, mu kuma muna nan muna rubuta kundi a kan karin magana ko sunayen tsirrai, a ɗaure shi da baƙar fata a jera a kanta, ƙura ta gaje shi.

Kuma akwai abin da in ba mu yi ba, babu mai yi mana. Malamanmu sun koya mana cewa Bausanci ba ya bambanta jinsin namiji da na mace yadda Kananci ke yi, Guddiranci ma yana da nasa kamannu. In na'urar da ke sauraron magana ba ta taɓa jin bakin mutumin Bauchi ko na Azare ba, ranar da tsohuwa za ta tambaye ta maganin hawan jini ko farashin taki, ba lalle ta gane ta ba. Wannan a Hausa ke nan. Ina ga Geranci da Jaranci da Sayanci da Warjanci, waɗanda rubuce-rubuce a cikinsu ba su taka kara sun karya ba?

Saboda haka ga shawarwarina. Na farko, Ƙungiyar Hausa ta nemi takwarorinta na sassan kwamfuta a garin nan, a rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya, malamai biyu su sa hannu a matsayin iyaye, a kuma zaɓi aiki guda tak, misali jerin kalmomin gyara rubutu. Na biyu, mu roƙi sashe ya yarda irin wannan aiki ya zama kundin kammala digiri, a kuma ajiye kwafinsa a buɗe. Na uku, a kafa asusu mai tsarin adashi, kowane mamba ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, a nemi tsofaffin ɗalibai, da masu sayar da waya da masu ɗab'i a Wunti da kewaye, waɗanda su ma rubutun Hausa mai kyau riba ce gare su. Ba dole sai kuɗi ba: wani ɗaki zai bayar, wani wutar sola, gidan rediyo kuwa minti goma a mako. Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, a riƙe amana. Mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a kuma buga lissafin shiga da fita a wannan mujalla duk fitowa. Ƙungiyoyin ɗalibai nawa ne suka watse a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba? Sai an yi shekara guda a kan haka, da aiki a hannu da littafin lissafi, sa'annan malamanmu su nemi tallafin bincike na TETFund, mu kuma mu ƙwanƙwasa ƙofar NITDA da gidauniyoyin waje.

Na san wani zai ce, don me za mu sha wahala mu tara kalmomi da muryoyi, manyan kamfanoni su kwashe a banza su sayar mana? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu ne farkon yin ta ba. Al'ummar Mawori ta ƙasar Niyu Zilan, ta hannun gidan rediyonsu Te Hiku, sun tara muryoyin harshensu suka kuma rubuta nasu sharuɗɗan, cewa ba a amfani da su sai ta hanyar da za ta amfani masu harshen. Mu ma muna iya buɗe wani abu ga kowa, kamar jerin kalmomi, mu gindaya sharaɗi a kan wani, kamar muryoyin dattawa. Amma wanda bai tara komai ba, ba shi da abin gindaya wa sharaɗi. Kuma duk abokin tafiyar da zai zo, a gaya masa tun farko: a nemi yardar mai murya a kuma biya shi, a bar kwafi a ɗakin karatunmu, a ware wani kaso na kula da aikin bayan an tashi.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan batu a ajandar taro na gaba, su kuma aika wa 'yan'uwanmu na sassan kwamfuta takardar gayyata kafin jarrabawa ta rufe mu. Manoman suna nan, gonar ma tana nan. Furar ce ba a dama ba, kuma geron farko daga rumbunmu ya kamata ya fito. Allah Ya sa mu dace.