Yaro mai tsayi da zaɓen lakwal: a dubi aji kafin a dubi fili

A ƙasar Kwaya, kamar sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, yaron da ya yi tsayi da ƙarfin jiki a da kokawa ake yi masa sha'awa. Yanzu wayar hannu ta kawo wa samari wasan ƙwallon kwando na Amurka har zaure, har wasu ƴan kwaleji sun fara mafarkin samun jami'ar da za ta ɗauke su saboda gwanintarsu. Mafarkin ba laifi ba ne. Sai dai tsakanin kwalejin karkara da jami'ar waje akwai wani mataki, wato lakwal ɗin da za ta share wa yaro fage, kuma a wurin zaɓenta ne iyaye suke iya tafka asara. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ajinta da malamanta. Filin wasa yana zuwa daga baya.

Misalin da ya fi kusa yana Zariya, a arewacin Najeriya. Can ne Masai Ujiri ya girma, ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, ya samu horo wajen Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana koyar da wasan a garin. Daga nan ya tafi wata lise a birnin Siyatil, ya zauna a gidan wasu ƴan Najeriya, sa'an nan ya yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji ta Bismarck, a jihar Dakota ta Arewa. Bai taɓa yin wasa a babbar gasar NBA ba. Ya yi shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, a 2002 kuma ya karɓi aikin neman ƴan wasa ba tare da albashi ba. Amma a 2013 aka zaɓe shi gwanin shugabannin ƙungiyoyin NBA, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto da yake shugabanta ta ci kofi. Ya riƙe wannan muƙami har 2025. Da tsalle kaɗai ya dogara, da labarinsa ya ƙare ranar da ya aje ƙwallo. Karatu da sanin mu'amala ne suka kai shi inda ya kai.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, kuma sabbin ƴan wasa wajen 60 suke zaɓa kowace shekara daga duniya baki ɗaya. Mafi yawan waɗanda suka yi wasa a jami'a wani aiki dabam suke kamawa bayan sun gama, wanda rauni a gwiwa ya samu kuwa tun kafin nan yake tsayawa. Takardar shaidar karatu ce take rage masa.

Su kansu jami'o'in Amurka ba tsayi kaɗai suke tambaya ba. Hukumar NCAA mai kula da wasanninsu ta ɗora wa mai son shiga rukuni na ɗaya sharaɗin cin darussa 16 na tushe a karatun sakandare, kamar Ingilishi da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2,3 bisa 4. Tana kuma bincika makarantar da ta ba da makin. Gorgui Dieng, ɗan garin Kebemer na Senegal, ya bi ta makarantar SEED ta birnin Thiès, inda ake haɗa karatu da wasa, ya wuce Huntington Prep a Amurka, jami'ar Louisville ta ɗauke shi a 2010. Duk da haka da fari hukumar ta hana shi wasa, sai da jami'ar ta ɗaukaka ƙara aka janye hanin. In wanda ya bi hanya sananniya ya gamu da wannan cikas, ina ga wanda dillali ya kai lakwal marar rajista?

Irin wannan lakwal kuwa akwai ta. A 2019 wata kotun tarayya a Charlotte, jihar Karolina ta Arewa, ta yanke wa shugabar wata makaranta mai zaman kanta ɗaurin wata 18, don ta riƙa ba da takardun ƙarya na cewa yara baƙi, yawancinsu ƴan wasa, ɗalibanta ne, alhali ba su karatu a wurinta. Iyayen da suka biya kuɗin irin wannan tafiya cinikin biri a sama suka yi. Manomin Kwaya da zai sayar da shanun huɗa ko ya jinginar da gonar gero saboda alkawarin baki, ya kamata ya san wannan labari tun bai kwance akalar dabba ba. Ya kuma sani cewa a watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana wa ƴan ƙasarsu shiga. Duk mai alkawarin biza cikin sauƙi, abin tuhuma ne.

Saboda haka akwai tambayoyin da uba zai yi kafin ya amince. Shin lakwal ɗin tana da izinin hukumar ilimi ta ƙasarta? Awa nawa yaro zai yi a aji kowace rana? Ina zai kwana, wa zai ci da shi, wa zai riƙe fasfonsa? In ya ji rauni, ko mai horarwa ya ce ba ya bukatarsa, zai ci gaba da karatu ko kora za a yi masa? Ɗalibai nawa ta kai jami'a, kuma ana iya magana da iyayensu? Amsar kowace a rubuce za a neme ta, a kai wa shugaban kwalejin yaron ya karanta. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba da amsa.

Wasu za su ce jinkiri yana kashe baiwa, tun da mai neman ƴan wasa ba ya zuwa ƙauye. Akwai gaskiya a ciki, amma maganinsa shi ne a bi matakai. Yaro ya ci jarrabawar BEPC, ya shiga lise a Magarya ko a Damagaram, inda lise Amadu Kuran Daga take, ya riƙe Faransanci, ya dage da Ingilishi, ya shiga gasar makarantu. Wanda ya yi fice zai iya kaiwa ƙungiyoyin Yamai, irin su Nigelec da ta shiga wasannin share fagen gasar BAL ta Afirka. A Senegal ma NBA ta buɗe makarantarta ta Afirka a 2017. In wasan bai kai shi nesa ba, bakaloreya za ta buɗe masa jami'ar Damagaram da aka kafa a 2010, ko cibiyar INJS ta Yamai mai horar da malaman wasanni.

Hukuma ma tana da nata nauyi. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su tsaya kowane yaro ya samu takardar haihuwa ta gaskiya, don rage shekaru ha'inci ne da kan rushe tafiya duka ranar da aka gano shi. Jami'an matasa da wasanni na Magarya da Dungas su nemi a yi wa kwalejoji fili da kwando biyu, ƴan mata su samu rabonsu, a kuma riƙe sunayen duk masu zuwa da sunan neman ƴan wasa. Su kuwa dattawan da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, sun fi kowa sanin amfanin takarda. Su karanta kafin su sa hannu.