A Ɗora Masaƙun Kakuri a Kan Allon Wasa

'Yan uwa malamai da iyalanmu, kowace safiya ɗalibanmu na Kakuri da Makera da Nasarawa suna ratsawa ta gefen katangun masaƙun da ciyawa ta cinye. In muka tambayi ɗaya abin da ake yi a ciki a da, zai ce yadi. In muka tambaye shi abin da ya rufe su, sai ya sunkuyar da kai. Laifin ba nasa ba ne. Darasin tarihi ya shafe fiye da shekara 10 ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Da aka maido da shi, sai ya tarar da mu da alli da allo kawai, muna ba yara shekaru su haddace.

Akwai wani wasan allo mai suna Brass, wanda Martin Wallace ya fitar a 2007. An gina shi a kan tarihin masaƙun auduga na yankin Lancashire a Ingila. Kowane ɗan wasa yana kafa masaƙa, ya haƙo kwal, ya narka ƙarfe, ya shimfiɗa hanyar kai kaya kasuwa, da farko ta ruwa, daga baya ta jirgin ƙasa. In kuɗi ya yanke masa sai ya ci rance, rancen kuma ya riƙa zaftare masa abin da yake samu. Wanda ya buga shi sau biyu ba zai manta cewa masaƙa ba ta tsayuwa ita kaɗai ba.

Labarin bai yi mana nisa ba. Da wani kamfanin Lancashire, David Whitehead & Sons, gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu aka kafa Kaduna Textiles a Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007.

Ra'ayinmu shi ne mu ƙirƙiro namu wasan. A zana taswira a kan kwali: gonakin auduga a Funtuwa da Gusau, layin dogo, masaƙu a Kakuri, kasuwar Kantin Kwari a Kano. Marufan kwalba su tsaya a madadin auduga da wutar lantarki da baƙin mai da albashi. Katuna su kawo abin da ya faru da gaske: faɗuwar darajar naira bayan tsarin SAP na 1986, ɗaukewar wuta, shigowar atamfar fasa-ƙwauri. Yaron da ya ga masaƙarsa ta tsaya saboda baƙin mai ya ƙare, alhali auduga tana jibge, ya fahimci abin da shafi 10 na rubutu ba zai koya masa ba. Gani ya kori ji.

Mun san wasu iyaye za su ce wannan ƙanin caca ne. Damuwarsu tana bisa hanya, shi ya sa ba za a sa ko kwabo ba, kuma malami yana tsaye a kai. Kakanninmu ma da dara suka wasa ƙwaƙwalwa. Wasu malamai za su ce aji ya cika, lokaci ya yi kaɗan. Gaskiya ne. A fara da ƙungiyar tarihi bayan an tashi, sau ɗaya a mako.

Abu ɗaya ne ba za mu kwaikwaya ba. A cikin Brass kowa mai masaƙa ne, ma'aikaci ba shi da kujera. Mu 'yan ƙwadago ne. A namu wasan, wanda ya tara riba ya bar ma'aikata babu albashi babu kuɗin sallama, ya faɗi.

Waɗanda suka tashi da jiniyar masaƙa suna nan cikin unguwanninmu, wasu ma iyayenmu ne, amma kullum raguwa suke yi. Muna kira ga reshenmu ya kafa ƙaramin kwamiti na malaman tarihi da lissafi, su zauna da waɗannan dattawa a cikin zangon nan, su rubuta ƙa'idojin wasan daga bakinsu.