Masko Ta Iya Hausa, Katagum Fa?

A farkon watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga samari a titunan Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha, har jami'an tsaro suka kama teloli da aka ce su ne suka ɗinka ta. A cikin kwanakin nan ne kuma Gwamnatin Jihar Bauchi ta kafa dokar hana fita a Ƙaramar Hukumar Katagum bayan tarzomar da ta ɓarke a Azare. Manya suka yi ta Allah wadai, wasu suka ce hannun baƙi ne, wasu suka ce ƙuruciya ce. Amma tambayar da ta fi kowace nauyi sai aka tsallake ta: shin a duk faɗin ƙasar Katagum, daga Azare zuwa Gamawa, daga Shira zuwa Zaki, mutum nawa ne za a miƙa wa jaridar Masko ya karanta wa jama'a abin da Rashawa ke faɗi game da Nijeriya da bakinsu?

Su dai Rashawa ba su yi irin wannan sakaci ba. Shehin malami Dmitri Olderogge ya shafe shekaru aru-aru yana koyar da harsunan Afirka a Jami'ar Leningrad, kuma a ƙarƙashin kulawarsa aka buga ƙamus na Hausa zuwa Rashanci a 1963. Shekara huɗu bayan haka Laptukhin ya fitar da na Rashanci zuwa Hausa. Rediyon Masko ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. Kai, tun a 1960 Olderogge ya wallafa littafi kan tarihin Sudan ta Yamma inda ya fassara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da idon 'yan gurguzu, wato a matsayin tashin talakawa a kan masu sarauta. Ko fassarar ta yi daidai ko ta kauce, jihadin nan shi ne ya ba Malam Ibrahim Zaki tutar da ya kafa Katagum da ita. An yi wa zuriyarsa hukunci a kan tarihinsu cikin harshen da ba sa ji, an yi musu aski ba sa nan. Haka kuma a Jami'ar Warsaw ta ƙasar Folan ana koyar da Hausa, har Stanisław Piłaszewicz ya rubuta tarihin adabin Hausa da harshensu.

Mutanen Katagum bai kamata a tuna musu ma'anar baƙo mai alƙalami ba. A watan Janairu na 1824 Kyaftin Clapperton ya sauka a garin Katagum kafin abokin tafiyarsa Dokta Oudney ya rasu a Murmur, aka yi masa karɓa ta mutunci, shi kuwa ya rubuta ganuwa da kasuwa da dawaki ya kai Ingila. A 1903 jikokinsa suka dawo, ba su nemi ɗan jagora ba.

To, a Nijeriya ina ake koyon Rashanci? A Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Legas, da ta Nsukka. Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye, domin sashen da ke Ibadan bai fi tafiyar ɗan lokaci daga Sabo ba, na Akoka kuma mutumin Agege ko Idi-Araba zai je ya dawo a yini guda. Kuma babu wanda ya san darajar harshe kamar su. Fatake da dillalan goro da na shanu sun sani sarai cewa wanda ya shiga ciniki a Shagamu ko Bodija ba ya jin Yarbanci, to, a gabansa za a ƙulla yadda za a cuce shi yana murmushi. Abin da Bahaushen Sabo ya gane tun kafa unguwar a 1916, shi ne masu tsara ilmi a gida suka kasa ganewa har yau.

Masu suka za su ce Azare likitoci take bukata, shi ya sa aka kafa mata Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Madalla. Amma ina ɗimbin likitocin ƙasar nan suka yi karatu tun zamanin Jami'ar Patrice Lumumba da aka buɗe a Masko a 1960? Su wane ne aka kwaso a guje daga Yukren a 2022, in ba ɗalibai ba, da yawansu masu koyon likitanci? Wasu kuma za su ce harshen marasa addini ne. Tarayyar Sobiyet ta rushe tun 1991, kuma miliyoyin Musulmi a Kazan da Dagestan da Tashkent da Rashanci suke mu'amala. Ban da haka ma, jin harshen mutum ba mubaya'a ba ce. Marigayi Sa'adu Zungur, wanda Jami'ar Jihar Bauchi da ke Gadau take ɗauke da sunansa yanzu, da Turancin Bature ya yaƙi mulkin Bature.

A dubi Ajakuta. A 1979 aka sa hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyet domin gina masana'antar ƙarfe, aka narkar da dukiya mai yawa, ga ta nan fiye da shekara arba'in babbar tanderunta ba ta taɓa aiki ba. Jiragen yaƙi samfurin MiG da aka yi Yaƙin Basasa da su daga can suka zo. A watan Afrilu na 2024 sojojin Rasha masu ba da horo suka sauka a Yamai, wato a gidan maƙwabci wanda harshensa ɗaya da na Azare. Ƙasar da ta shigo cikin al'amuran yankin nan haka, ko ana sonta ko ana tsoronta, tilas a sami 'yan gida masu karanta takardunta ba tare da jiran wani ya tauna ya ba su a baki daga Landan ko Faris ba.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. Baƙaƙen Rashanci 33 ne kacal, yaron da ya haddace allo a tsangaya ba za su gagare shi ba. Jami'ar Gadau, wadda aka kafa a 2011, tana iya farawa da malami biyu ko uku daga cikin waɗanda Ibadan da Legas suka yaye, a haɗa harshen da tarihin Rasha da Yukren da Folan, sa'an nan a nemi amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Kafin nan kuwa, ƙungiyoyin 'yan asalin Katagum da ke Ikko da Badun, waɗanda ba sa gajiya da tara gudummawar biki da ta jana'iza, su zaɓi yara biyu masu ƙwazo su biya musu kuɗin karatun Rashanci a jami'ar da ke kusa da su, kuma su aika wa hukumar jami'ar Gadau takarda a rubuce su nemi amsa.